Darmar da Ba Ta Rubuta Komai

Na daɗe ina shakkar ko akwai wanda ya damu da yadda ake rubuta awo. A inda na yi karatu, can nesa da gida, malami zai dawo maka da aikinka jawur da biro don kawai ka manna g a jikin lamba, ko ka sa wa kg babban baƙi. Da na dawo Maiduguri sai na tarar tankar ruwa tana yawo da 10,000LTRS. a ƙugunta, buhun shinkafa yana shelar 50KGS, kuma ruwan yana isa gidaje, shinkafar tana dahuwa. Bakinmu ma ba haka yake jera abin ba, kilo hamsin muke cewa, awon a gaba, lambar a baya. Har na kusa yanke hukuncin cewa ƙa'idar nan rigar sanyi ce, a can ake barin ta in za a dawo gida. Sai aka nuna mini wani shago a Limanti.

Mai shagon sunansa Nnadozie, amma a unguwar ba mai kiransa haka. Baban Arinze ake ce masa, masu tsokana kuma su ce Oga Tazara. Dogo ne siriri, kansa ya yi fari fat, yatsunsa kuwa baƙin tawada ya zauna musu har sabulu ya haƙura. Ya zo garin yana saurayi don ya taya wani kawunsa sayar da kayan keke. Ba a daɗe ba kawun ya gane ba nan abincin yaron yake ba. In mai saye ya ce wannan tayar kamar ba ta da ƙwari, sai ya ɗaga ta ya dudduba, ya ce gaskiya ne, ba ta da shi. Kawun ya kama hannunsa ya kai shi wurin Malam Pindar, wani mutumin Biu mai maɗaba'a, ya ce ga shi nan, wataƙila a nan gaskiyar tasa za ta yi rana.

A maɗaba'a irin ta da, kowane harafi ɗan sanda ne na darma, tsawonsa kamar gaɓar yatsa, harafin a kansa a juye. Ana tsinto su ɗaya-ɗaya daga aljihun katako mai ɗakuna, a jera su layi-layi, a ɗaure tamau cikin firam na ƙarfe, a shafa tawada, a danna a takarda. Abin da ya ɗaure wa Nnadozie kai a ranar farko shi ne, farin wurin da ke tsakanin kalma da kalma shi ma darma ne. Ɗan sanda ne kamar sauran, sai dai ya fi su gajarta, kansa sumul, tawada ba ta kai gare shi. Shi ake kira tazara.

Ya ɗaga ɗaya ya tambayi maigidan nasa, "Malam, wannan me yake rubutawa?"

"Ba komai," in ji Malam Pindar. "Zare shi daga layin ka gani."

Ya zare, ya ɗaga firam ɗin, haruffan suka zube ƙasa kamar an kwance buhun gero. A durƙushe ya ƙarasa yinin.

Malam Pindar ya ga lokacin da ƙasar nan ta bar yadi da galan ta koma mita da lita, kuma ya karɓi sabon awon hannu bibbiyu, har da 'yan ƙa'idojinsa. Alamar awo, in ji shi, ba gajarta kalma ba ce, 'yar'uwar lamba ce. Don haka ba a ɗiga mata aya, ba a ƙara mata s don kaya sun yi yawa: 1 kg, 50 kg, duk kg ne. Ƙaramin baƙi ake sa mata, sai fa wadda aka ɗauko daga sunan mutum, irin W ɗin jikin ƙwan lantarki, wannan ana girmama mai sunan. Sama da duka kuwa, tsakanin lamba da alama sai an sa tazara. Ɗan koyon da ya manta zai ji rula a bayan hannu. Nnadozie sau ɗaya ya ji ta.

Da Malam Pindar ya tsufa ya koma Biu, ya bar masa ƙaramin injin da ake ja da hannu da aljihunan haruffa. Ya kwashe su zuwa Limanti, ya kama haya a shagon da ke jikin gidan Ya Fanna mai turaren wuta. A nan ya yi aure, a nan 'ya'yansa suka iya Kanuri kafin shi. Matarsa Nkolika, wadda ke sayar da ambulan da biro a bakin shagon, ta ce ba ta taɓa zuwa kasuwa da shi ta dawo da daɗin rai ba. Ita tana tayin tumatir, shi yana tsaye gaban buhun wani yana girgiza kai kamar an yi masa rasuwa. In mai kawo aiki ya kasa gane dalilin tazarar nan, ita ke leƙowa ta yi bayani.

"Kamar ni da shi ne in za mu biki. Ba ya yarda in riƙe masa hannu, ba ya kuma yarda in yi nisa."

An sha rigima da shi a kan haka. Akwai Audu mai busasshen kifi, wanda ya zo a buga masa takardar da zai manna a kwalayensa.

"Oga Tazara, ka rubuta mini KG manya-manya. Wannan ƙananan naka, sai mutane su ɗauka kifin ba nauyi."

"Nauyin yana cikin kwali, Audu, ba cikin harafi ba."

"Kuɗina ne ko naka?"

"Kifinka ne, amma injina ne."

Sai da aka kira Ya Fanna ta raba su. A ƙarshe Nnadozie ya jawo aljihun ƙasa, inda haruffan fosta suke, ya buga ƙananan baƙin dai, amma kowanne ya kai tafin hannu. Audu ya ja baya ya ƙare musu kallo, ya ce yanzu kifi ya yi nauyi. Kowa ya tafi yana ganin shi ya ci.

Da kwamfuta ta shigo, abokan sana'arsa suka sayar da darmarsu aka narke, suka koma danna maɓalli. Shi matan turare ne suka riƙe shi. Takardar da aka buga da kwamfuta, da man turare ya taɓa ta sai rubutun ya narke ya gangaro jikin kwalba. Tawadar Nnadozie kuwa ba ruwanta da mai, kuma harafin yana nutsewa cikin takarda har a ji shi da yatsa. Masu sayen turaren Ya Fanna da shafawa suke gane nata. A shekarun da garin ya daɗe ba wutar lantarki, injinsa bai san an yi ba. Ƙas, ƙas, ƙas, yana aiki, hayaƙin turaren da ake gwadawa a tsakar gida yana shigowa ta taga.

Ya Fanna ta girme shi, mijinta ya rasu tuntuni, ita ke juya gidan da matan da ke taya ta aiki. Kullum in ta fito sai ta tsaya a ƙofar shagon, ta fara da gaisuwar Kanuri.

"Wushe, Baban Arinze. Har yanzu tsintar tsaba ake yi?"

"Ana yi, Ya Fanna. Ke har yanzu ƙona itace ake yi?"

"Itacen nawa da shi amare ke shiga ɗaki. Naka fa?"

"Ba don nawa ba, wa zai san na waye?"

Haka suke, shekara da shekaru.

Sai damunar da dam ɗin Alau ya ɓalle. Ruwan ya shiga gari ya yi abin da ya yi, kowa a Maiduguri yana da nasa labarin, wasu ba sa iya faɗa. Na Limanti dai sun tsira da rai, amma ruwan ya shiga shagon, ya tumɓuke aljihunan katakon, ya kifar da su. Haruffan da Nnadozie ya tara tun zamanin Malam Pindar suka watse cikin laka. Shi kuma zazzaɓi ya kwantar da shi a gidan 'yan'uwa da suka fake, bai samu zuwa ba sai bayan ruwa ya janye sarai. A hanya yana ta shirya zuciyarsa. Ya riga ya yanke cewa sana'a ta ƙare.

Da ya iso sai ya ga an share shagon tas, injin an goge shi an shafa masa mai. A ƙasa kuma, a kan tabarma, ga kwanuka jere, kowanne cike da haruffa suna sheƙi. Ashe Ya Fanna ce ta tara matanta. Nata turaren ruwa ya tafi da shi, ba aikin yi, sai ta ce su ɗauko rariyoyin da suke tankaɗe garin turare. Suka kwashe lakar shagon bokiti-bokiti, suka tace, suka wanke, suka shanya. Lambobi a kwanonsu, manyan baƙi a nasu.

Nnadozie ya durƙusa ya ɗebi haruffan a tafinsa. Nkolika ce ta yi kukan a madadinsa.

"To, ya isa, Maman Arinze," in ji Ya Fanna. "Ai ba mutuwa aka yi ba. Mun ma rage maka aiki, Baban Arinze, mun tsince lalatattun."

"Lalatattu?"

Suwaiba, matar ɗan Ya Fanna, ta yi caraf ta ce, "Waɗanda ruwa ya cinye musu rubutu. Kansu ya goge sumul, har sun rage tsawo. Da yawa fa, Baba! Ni na zauna na tsince su ɗaya-ɗaya, ko guda ban bari ba."

Ta faɗa tana murmushi, tana jiran a yaba. Ya dubi hannayenta, laka ta tsattsaga su. Ya dubi kwanukan. Ya zuba yatsa cikin na kusa ya motsa, ya motsa na gaba. Gaskiya ta faɗa. Yarinyar ta iya aiki, ko guda ba ta bari ba.

"Allah Ya saka da alheri," ya ce. "Allah Ya yi miki albarka."

Bai tambayi inda aka kai su ba. Yaya za ka dubi mutanen da suka yi kwanaki cikin laka dominka, ka ce musu sun zubar da ƙashin bayan sana'arka?

Da ya samu lokaci da sauƙi, da ya aika a nemo masa wasu tazarar daga kudu, ba wanda zai ji. Amma bayan ya gama mayar da haruffa ɗakunansu, Ya Fanna ta shigo da kwalba a hannu. Ta haɗa sabon turare, na farko tun bayan ruwa, da ɗan abin da 'yan'uwa suka tallafa mata. Za a yi baje koli a Kano, an ba ta rumfa, motarsu ran Asabar za ta tashi. Masu shirya taron sun ce kwalbar da ba a rubuta nauyin abin da ke ciki ba, ba za ta hau tebur ba.

"Irin na kullum," ta ce. "Sunana, da wannan 250 g ɗin naka. In na dawo da kwalaben nan Maiduguri, Baban Arinze, ban san da me zan sake haɗa wani ba."

"Za ki samu," ya ce.

Sunan bai ba shi wahala ba. Ya sa kowace kalma a layinta, ya cike gefe da gefe da manyan katakai, waɗanda kowane kafinta zai yanka. Layin ƙasa ne ya tsaya masa a wuya. Ya yanka kwali ya soka tsakanin sifili da g. Damshi bai bar garin ba, kwalin ya lotse, bai buga da yawa ba g ta karkace kamar mai gyangyaɗi. Ya gwada tsinken ashana, ya murƙushe. Ya naɗe ledar alewa ya gwada, ta sulale. Laraba ta wuce a haka. Ran Alhamis da hantsi Nkolika ta tarar da shi ya tasa firam a gaba, ya yi tagumi.

"Papa Arinze, ka manna su kawai. Wa zai gani?"

"Ni."

"To ka sauko da g ɗin layin ƙasa, kamar yadda ka yi wa sunan."

Ya ɗago ya dube ta kamar ta ce ya sayar da ɗa. "A raba lamba da alamarta? Ita a sama, ita a ƙasa?"

"To ka faɗa wa Ya Fanna."

"Ba zan iya ba."

"Ba ka mannawa, ba ka rabawa, ba ka faɗa. Chineke! Ni zan iya ɗaya daga ciki."

Kafin ya miƙe ta shige gidan. Ya tsaya yana saurare ta taga. Ya ji muryar matarsa, sai ya ji wata irin shewa, sai dariya ta ɓarke kamar an fasa tulu. Can sai ga Ya Fanna ta fito tana gyara lafayarta, tana share hawaye, Suwaiba a bayanta ta rufe fuska da mayafi.

"Baban Arinze! Wai da gaske ne? Ƙarfen da ba ya rubuta komai, shi ne mai aikin?"

"Shi ne, Ya Fanna."

"Kuma haka aka ƙera shi? Ba ruwa ne ya lashe shi ba?"

"Haka aka ƙera shi."

"Shekara nawa muna katanga ɗaya, ba ka taɓa faɗa mini kana ajiye da babu a cikin akwati ba!" Ta sake fashewa. Sai kuma ta tsaya cak. "Innalillahi. Babakura."

Babakura ƙanenta ne, masunci, yana zaune a Old Maiduguri. Ya zo jaje ya ga buhun lalatattu a zaure, ya ɗaga ya ji nauyi, ya ce darma ce, yana so. Ta ce ya ɗauka ya rage mata shara.

Napep ɗaya suka tara. Ya Fanna da Nkolika da Suwaiba a baya, Nnadozie a gaba ya raɓa da direba, rabin jikinsa a waje, gwiwarsa tana gaisa da duk wanda suka wuce. Ya Fanna tana dukan kafaɗar direba tana cewa ya taka, direban yana tambaya ko haihuwa ce.

"Ta fi haihuwa," in ji Nkolika. "Babu za mu ceto."

Tun daga bakin layi suka hango. Babakura ya shanya ragarsa a jikin dogon yaro, ƙasan ragar kewaye da sababbin dunƙulen darma, suna ƙyalli a rana kamar haƙoran azurfa. Shi kuma yana kishingiɗe a tabarma da rediyo a gefen kunne.

"Lale, lale! Ya Fanna, da Oga gaba ɗaya? Oga, darmar nan taka ba ta da na biyu. Tana narkewa kamar man shanu. In na jefa ragar nan, kafin kifi ya yi tunani ta kai ƙasa."

"Duka ka narke?" Nnadozie ya tambaya, muryarsa can ciki.

"Duka. Ragata yanzu ta yi boko."

"Boko a ina?" in ji Ya Fanna. "Wadda ba ta rubuta komai ka samu, daidai kai."

Nnadozie ya matsa ya taɓa dunƙule ɗaya. Wasu daga cikin tazarar nan sun girme shi a sana'a, da su Malam Pindar ya koya masa aiki, ga su yau za su riƙa nutso a kogin Ngadda suna kamo tarwaɗa. Ya ji wani abu yana taso masa daga ciki, ya ɗauka kuka ne. Da ya fito sai ya zama dariya. Ya dafa bishiyar yana yi har da tari, matan suka kama, Babakura ma ya shiga ciki bai san dalili ba.

Suwaiba ce ba ta yi dariya ba. Idonta na kan rediyon. Murfin bayansa ya ɓace, an ɗaure batir da roba, kuma a tsakanin batir da ƙarfensa an soka wani ɗan abu mai launin toka.

"Baba," ta ce a hankali, "wancan fa?"

Ita ce. Tazara guda ɗaya tak, siririya, kaurinta bai fi ƙwayar shinkafa ba. Babakura ya ga batirinsa yana rawa, ya tokare shi da ita.

"A'a, a'a, ku dakata," ya ce, ya rungume rediyon. "Shirin gaishe-gaishe ake yi, na aika da saƙo, yanzu za a kira sunana."

Ya Fanna ta miƙa hannu ta zare ta. Mai gabatarwa ya kai "sai kuma gaisuwa daga Baba" rediyon ya yi tsit.

"An kira," ta ce. "Mu tafi."

A hanya Nnadozie ya yi bayani cewa guda ɗaya ba ta isa ba, don takardu da yawa ake jerawa a firam ɗaya a buga tare, kowacce da tata. Ya Fanna ba ta saurare shi ba. Tana ta juya abin a tafinta, tana gwada shi da farce.

"Dole sai darma?"

"Dole sai abu mai tauri, wanda ba ya lotsewa, mai kusurwa huɗu daidai."

"Kuma ba ya taɓa takarda?"

"Ba ya taɓawa."

"Suwaiba, ina zuciyar icen sandal ɗin nan da muke warewa?"

Masu haɗa turare yini suke suna fasa itace, suna fere shi siri-siri don ya sha mai. Akwai tsakiyar icen da ke da tauri har wuƙa na ƙorafi, Ya Fanna takan ware ta gefe. Ita aka zubo a tabarma ran nan. Aka ajiye tazarar darma a kan faranti a tsakiya kamar amarya, mata suka kewaye ta da 'yan wuƙaƙensu. Nnadozie, wanda bai taɓa wuce zauren gidan ba, aka sa masa kujera a bakin ƙofar tsakar gida, ana miƙo masa yana gwadawa a jikin harafi.

"Wannan ta yi kauri."

"Kai ma ka yi tsawo, mun haƙura da kai."

"Wannan kuma tsayinta ya kai na harafi, za ta sha tawada."

"Ta sha mana, ba ta gaji ba?"

"Wannan ta wa ce?"

Suwaiba ta ɗaga yatsa daga cikin mayafi.

"Ku yi irin tata," ya ce.

Aka yi mata guɗa. Ita da ta tsince su ɗaya-ɗaya, ita ta fi kowa sanin siffarsu a hannu.

Ran Juma'a da safe ya jera layin: biyu, biyar, sifili, ɗan icen sandal, sannan g. Ya jera sauran, ya ɗaure firam. Matan suka cika ƙofar shagon, na baya suna ɗage. Ya kama firam ɗin da hannu biyu ya ɗaga sama, kamar yadda ya yi a ranarsa ta farko wurin Malam Pindar. Ya girgiza. Ko harafi ɗaya bai motsa ba. Ya ɗora a inji, ya ja hannu, ƙas, ya zaro takardar ya miƙa wa Ya Fanna.

Ta kai ta kusa da ido, ta nisanta ta. "To, ina namu aikin?"

Ya ɗora farcensa a farin wurin da ke tsakanin sifili da g.

"Nan?"

"Nan."

"Nan muka yini? Jama'a, ku zo ku ga aikinku! Wallahi ya yi kyau, ba a ganin komai!"

Takardar ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, kowacce tana cewa tata ce a ciki. Kafin a tafi masallaci an gama bugu, kafin la'asar an manne kwalabe. Da yamma Suwaiba ta shigo shagon da mudu a kai ta sauke masa. Shi 'yan kaɗan ya nema. Mudun cike yake da tazarar sandal, an yi masa tozo har yana zuba.

"Me zan yi da wannan duka?"

"Ya Fanna ta ce gyara ce."

Motar Kano ta tashi ran Asabar da kwalaben a ciki, kuma ko kwalba ɗaya ba ta dawo ba. Waɗanda suka je sun ce duk wanda ya tsaya a rumfar, kafin a buɗe masa kwalba ya shinshina, sai Ya Fanna ta nuna masa farin wurin nan da yatsa ta ce, "Ka ga wannan? Mu muka yi shi da hannu." Mutum ya duba, ya sake dubawa, ya ce ma sha Allah, don kada a ce bai gani ba.

Arinze ya aiko wa uban da sababbin tazara na darma daga baya, kuma yana aiki da su. Amma takardun Ya Fanna har yau da sandal ake buga su. Ranar da na je, ya jawo mini aljihun in gani, ƙamshi ya bugi hancina kamar an buɗe akwatin amarya. Ya Fanna tana zaune a ƙofar gida tana jin mu, Nkolika tana jera ambulan. Na rage murya na tambaye shi abin da ke cina tun da na ji labarin: da ba a samu icen nan ba, ga Asabar ta zo, da zai manna g ɗin a jikin lamba?

Ya dubi yatsunsa, ya saci kallon ƙofa.

"Saboda Ya Fanna? Da na manna," ya ce. "Amma da na ce a Kano aka buga."